Na'urar gem mai "wasa 9999": kare ya yi mini dariya a gaban 'ya'yana

Kwana tara ke nan da na'urar nan ta shigo gidana. Sau uku ina zama zan rubuta abin da na gani game da ita ina fasawa, don kafin in kai ƙarshe sai ra'ayina ya juya. Yau dai na ce ko me zai fito ya fito.

Kun san irinta, ba sai na ɓata bakina ba. 'Yar ƙaramar na'urar gem ce ta roba, fari da ja, kwaikwayon Famicom ɗin da Nintendo ta fitar a Japan a 1983. Hannu biyu, bindigar roba ɗaya, da kaset rawaya wanda aka dangwara wa 9999 da manyan lambobi. Babu sunan kamfani a jikin kwalin, babu adireshi, sai hoton wani ƙato mai damatsa da har yau ban ga wasan da yake ciki ba. Mario da Contra duk suna ciki, amma ni bindigar ce ta ja ni. Duck Hunt nake nema, wasan harbin agwagwa.

Dalili kuwa, na daɗe ina cika wa yarana baki. Na gaya musu harsashi uku ake ba mutum kan kowace agwagwa, ni kuwa da ɗaya nake gamawa, sauran biyun in bar wa gem ɗin sadaka. Na ce daga bakin ƙofa nake harbi, ido ɗaya a rufe. Akwai gaskiya a ciki, akwai kuma gishiri, wanda na riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan duk shekara ba tare da tunanin wata rana za a ce in tashi in nuna ba.

Daren farko na jona wayoyin nan biyu, rawaya da fara, a bayan talabijin ɗinmu ta bango. Hoto ya fito a baje, kowa ya yi ƙiba, launin ya yi dishi-dishi, amma ban damu ba. Ina jin ɗan kiɗan nan na buɗewa tsigar jikina ta tashi. Ga ciyawa, ga bishiya, ga shuɗin sama. Ga kuma karen, yana tafe yana shinshina ƙasa yadda na bar shi shekara talatin da suka wuce, bai tsufa ba, bai rame ba. Ya yi haushi, ya daka tsalle cikin ciyawa. Na ce wa yara su matsa baya su ba babansu fili.

Agwagwar farko ta tashi. Na saita, na ja kunama. Fuskar talabijin ta yi wal, ƙarar harbi ta fita, agwagwa ta ci gaba da shawaginta kamar ba da ita ake ba. Na sake. Na kuma sake. Sama ta canza launi, agwagwa ta yi sama ta ɓace. Sai karen ya ɗago daga cikin ciyawa, haƙora a waje, kafaɗu na rawa, yana wannan dariyar tasa ta ƙeta.

Na ce musu hannu ne bai warware ba tukuna.

Agwagwa goma ake sakowa a kowane zagaye, kuma a zagayen farko shida kawai ake so mutum ya kayar ya wuce gaba. Na harba harsashi talatin cif, ko gashin agwagwa ɗaya bai faɗo ba. Dariya goma kare ya yi mini, ɗaya bayan ɗaya, kuma tun daga ta huɗu ya samu 'yan amshi a falona. Babban ɗana, da ladabinsa, ya ce, "Abba, ko agwagin zamaninku sun fi waɗannan nauyin jiki?" Uwarsu kuma daga can inda take zaune ta ce, "Malam, da ka sa tabarau ɗinka." Ba ta yi dariya ba, kuma rashin dariyar ya fi mini ciwo.

Na sa tabarau. Na matso rabin falo. Na ƙara matsowa. Daga ƙarshe na yi abin da ko muna yara muke ɗauka abin kunya, wato na manna bakin bindigar a jikin gilashin talabijin, a kan agwagwar kanta, har robar tana ƙwanƙwasa gilashin. Na harba. Ta tashi ta tafi. Kare ya fito.

An ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Ban ji haushin agwagwa ko ɗaya ba, ita ranta take ceto. Amma karen nan nawa ne fa. Tare muka fito farauta. Aikinsa ya tayar da tsuntsu ya ɗauko wanda ya faɗi, babu inda aka ce ya tsaya yana auna ƙoƙarina. Na juya bindigar kansa na ja kunama ya fi sau biyar, duk da na san tun ina yaro cewa harsashi ba ya kama shi. A na'urar da ake sa wa kwabo a gidajen wasa, Vs. Duck Hunt, an bar ƙofa a zagayen garaɓasa mutum ya iya harbinsa ya huce. Mu na gida ba a ba mu wannan gatan ba.

Abin da ya fi ba ni takaici yanzu in na tuna, da na miƙa wa yaran bindigar tun a gwaji na biyu, da asirina ya rufu, don su ma ba abin da za su samu. Sun roƙa sun roƙa na hana, wai sai na gyara sunana tukuna. Har tsohuwar dabarar nan ta 'yan unguwa na gwada, wadda ake cewa in ka saita bindigar a ƙwan fitila kowane harbi sai ya ci. Haka yarana suka ga ubansu ya juya wa talabijin baya yana harbin silin.

Washegari na kira yayana, wanda tun muna yara shi ne mai kwance rediyo ya mayar ya bar kusoshi biyu a waje. Ban gama bayani ba ya katse ni: "Kai, a wace talabijin ka jona?" Na ce ta bango mana. Ya yi dariya har da tari. A lokacin ban kawo komai a raina game da dariyar ba.

Ga yadda abin yake, don kada wani ya faɗa ramin da na faɗa. Bindigar ba ta harba komai. Ido ne a cikinta, ɗan ƙaramin abu mai gane haske, a can ƙuryar bututun bayan wani gilashi. In ka ja kunama, gem ɗin yakan baƙanta fuskar talabijin gaba ɗaya na tsawon hoto ɗaya, a hoto na gaba kuma ya zana farin murabba'i daidai inda agwagwa take. Idan idon ya ga duhu sannan ya ga haske, to ka saita daidai, agwagwa ta faɗo. Wannan walƙiyar da muke gani muna zaton ado ne na harbi, ashe ita ce aikin gaba ɗaya. Duba duhun da ake fara yi kuma shi ya sa harbin fitila bai amfane ni da komai ba. Duk wannan yana faruwa ne cikin ƙiftawar ido, don hoto kusan 60 ke wucewa a daƙiƙa ɗaya. Tsohuwar talabijin mai doro tana zana hoto nan take yadda aka aiko mata. Ta bango kuwa sai ta karɓa, ta juya shi, ta faɗaɗa, ta gyara masa kwalliya, sannan ta nuna. Kafin farin murabba'in ya bayyana, gem ɗin ya riga ya duba, bai ga komai ba, ya rubuta maka kuskure, ya tura kare. Ko maharbin da ya fi kowa a duniya aka kawo, sifili zai ci.

Ban ga laifin waɗanda suka ƙirƙiro wasan a 1984 ba. Sun yi shi ne daidai da talabijin ɗin zamaninsu, kuma dabara ce mai kyau ƙwarai in ka dubi ɗan abin da suke da shi a hannu. Wanda nake jin haushi shi ne wanda ya zuba wannan bindiga cikin kwali a yau, ya san sarai irin talabijin ɗin da ke gidajen mutane, amma bai iya rubuta layi ɗaya na gargaɗi ba. Ya samu wurin zana ƙato mai damatsa, ya samu wurin rubuta 9999 har sau huɗu a kwali ɗaya. Na tura wa wanda ya sayar mini saƙo. Amsarsa ita ce ai bindigar kyauta ce aka ɗora a kai. A ranar, da ana ba da rabin tauraro, shi zan bayar.

Yaya ya ce akwai tsohuwar talabijin mai doro a ɗakin ajiyarsa, in zan iya ɗauka in zo in ɗauka. Na manta nauyin waɗannan abubuwa. Duk nauyin a gaba yake, wajen gilashin, babu kuma wurin kamawa na kirki, sai ka rungume ta kamar mai raba faɗa. Bayana bai daina ciwo ba sai bayan kwana uku. Na goge ƙura, na jona, ta yi wannan 'yar ƙarar tata siririya da yara suka toshe kunne ni kuwa da ƙyar nake ji, hoto ya taso a hankali.

Jama'a, da tsohuwar zuma ake magani. Tun kafin in taɓa bindiga na ga bambanci. Hoton da ya yi dishi-dishi a ta bango ya dawo tas, ciyawa kore shar, kare ya koma girmansa na asali. Agwagwa ta tashi, na ja kunama sau ɗaya, ta ƙame a sama, ido a zare, ta juyo ta yi ƙasa tana jujjuyawa. Karen ya ɗago riƙe da ita a wuya, fuskarsa cike da fara'a kamar ba shi ne na shekaranjiya ba. Munafuki. Tara na kayar cikin goma a zagayen farko, daga kan kujera, ban ko tashi ba. Falon ya yi tsit. Ɗana ya ce, "Abba, ashe da gaske ne." Ban amsa masa ba, na dai hura bakin bindigar. A wannan daren na buɗe waya na fara rubuta sharhi mai tauraro biyar, har na yafe wa mai kwalin, na ce ai kowa yana mantuwa.

A zagaye na huɗu abu ya fara canzawa. Na san agwagin suna ƙara sauri yayin da ake gaba, amma wannan daban ne. Sai in saita, ina shirin jan kunama, agwagwa ta yi kwana kamar an raɗa mata. In bi ta hagu ta koma dama. In jira ta a sama ta nutse ƙasa. Harsashi uku suka tafi a banza, kare ya fito. Ta gaba ma haka. Na fara zargin bindigar, na girgiza ta, na hura bututun. Sai na ji wata 'yar dariya ƙasa-ƙasa daga gefen kujera, kuma ba ta kare ba ce.

Autata ce, 'yar shekara shida. Ta ɗauki hannun gem ɗin da na ajiye a ƙasa tana ta latse-latse, har ta lura cewa in ta danna hagu agwagwa tana yin hagu. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta zauna shiru tana tuƙa tsuntsuwa tana kauce wa harsashin ubanta. Da na kalle ta sai ta ce, "Abba, ni ce agwagwar."

Ba lalacewa ba ce, haka aka tsara wasan. A zaɓi na farko, mai agwagwa ɗaya, mutum na biyu yana iya juya ta da hannun gem, kuma an rubuta haka a ɗan littafin da ke zuwa da kaset na asali. Mu da muka tashi da na kwaikwayo wa ya taɓa ganin littafi? Na yi shekaru ina wannan wasa ban sani ba. Ina cikin mamaki sai wani abu ya faɗo mini a rai, na ji gabana ya faɗi. Muna yara, duk ranar da nake wasa ni kaɗai, hannuna ba ya kuskure. Duk ranar da Yaya yake ɗakin kuwa, sai in rasa gane kaina. Yakan zauna a bayana ya jingina da bango, hannun gem a cinyarsa, wai yana jiran layinsa, yana ce mini in nutsu. Shekara talatin ina zaton kwarjininsa ne ke rikita ni.

Na kira shi a daren. Na ce, "Yaya, don Allah tambaya ɗaya. Ka san ana tuƙa agwagwar nan?" Ya yi shiru na ɗan lokaci. Sannan ya fashe da dariya, irin mai rawar kafaɗa, wadda ko ta waya kana jin haƙora a waje. Da ya samu numfashi ya ce, "Sai yau?"

To, wannan bai shafi ingancin na'urar ba, na sani, amma tunda ita ta tono maganar dole ta ɗauki nata kason.

Bayan na huce na zauna duba sauran wasa 9998 ɗin, kuma nan ne taurarin suka fara zubewa. Na bi jerin da takarda da biro har na gaji a wajen lamba ɗari uku. Wasa goma sha takwas na ƙirga. Sauran duk su ne dai aka sake wa suna. Mario na farko, Mario da ya fara daga duniya ta uku, Mario da aka sa wa koren wando aka kira shi wani abu daban, Mario mai tsallen da ke fita daga talabijin ba ya dawowa. Wasan tankar yaƙin nan na Battle City, wanda kake tsaron mikiya a bayan bulo, ya fito ya fi sau arba'in, bambancin kawai daga filin da za ka fara. A lamba 214 na samu wani suna mai ban tsoro, na gyara zama, sai ga Circus Charlie a kan zakinsa yana tsallake zoben wuta. Duck Hunt kansa sau uku aka ƙirga shi, agwagwa ɗaya wasa ɗaya, agwagwa biyu wani wasan, harbin faifai wani wasan, alhali duk zaɓi ne a cikin abu guda. An ce a 1983 kamfanin Atari ya haƙa rami a Alamogordo ta Amurka ya binne kaset ɗin da suka yi kwantai, har aka tono su a 2014 mutane suna kallo. In akwai sauran wuri a ramin, ina da lamba 19 zuwa 9999 da zan aika.

Goma sha takwas ɗin dai na gaske ne, ban ƙi ba. Super Mario Bros. na 1985 yana nan da zangonsa 32, wasan da gaba ɗayansa bai wuce kilobayit 40 ba, har gajimare da ƙananan bishiyoyinsa zane ɗaya ne aka canza wa launi don tsimin wuri. Na nuna wa ɗana wannan ya daɗe yana kallo. Contra ma yana nan, kuma yatsuna ba su manta ba: sama sama, ƙasa ƙasa, hagu dama, hagu dama, B, A, sai ga rai 30. Lambar wayar matata sai na duba, amma wannan tana nan daram.

Sai dai sautin ya ɗan karkace, kamar mai waƙa da mura. Wayar hannun gajera ce, dole babba ya zauna a ƙasa dab da talabijin ya naɗe ƙafa, tashi kuma sai da dafa kujera. Abin da ake sawa a soket yana zafi har yana warin roba. Mafi muni, bakin wayar wutar sakwaf yake a bayan na'urar. Ran nan na kai duniya ta takwas a Mario, zufa tana keto mini, wani yaro ya wuce ya taɓa tebur da gwiwa, hoto ya ɗauke ya dawo kan jerin 9999. Dabarar riƙe A a danna Start, wadda ke mayar da mutum farkon duniyar da ya mutu, tana aiki ne in rayukanka suka ƙare. In wuta ta katse babu abin da na'urar ke tunawa. Na zauna ina kallon jerin nan, na ji kamar karen zai leƙo ta gefe.

Kunamar bindigar kuma ta saki a rana ta bakwai. Tana shiga ba ta dawowa. Na kwance, na ga ɗan siririn ƙarfen da ke mayar da ita ya karye, na ɗaura mata robar ɗaure kuɗi ta waje. Tana aiki, amma duk harbi biyar sai na gyara robar, agwagwa kuwa ba ta jira.

Tauraro biyu na ba ta. Na so in ba da uku saboda daren da na kayar da tara, sai na tuna amsar mai sayarwa da ciwon bayana, na cire ɗaya. In ba ka da talabijin mai doro, ka ɗauka babu bindiga a cikin kwalin. In kana da ita kuma, ka ɓoye hannun gem ɗin kafin ka fara, ka kuma lura da wanda ke zaune a bayanka.

Talabijin ɗin Yaya tana nan ta cinye kusurwar falo, uwargida tana tambaya kullum yaushe za a mayar da ita. Na ce sai bayana ya warke. Autata kuwa kowace yamma sai ta jawo rigata ta ce, "Abba, zo mu yi agwagwa." Jiya biyu na samu cikin goma.